Wace Rana Kika Bar Pennsylvania?

Garner, North Carolina
4 ga Fabrairu

Yaya Cyril,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da fatan kuma sanyin Lansford bai ƙarasa gwiwoyin nan naka ba. Ni dai na gode Allah. Kwankwason da na karya ya ɗinke, har ina zagaya unguwa da sanda ɗaya, likita ya ce ƙarfen da suka sa mini zai fi ni daɗewa a duniya. 'Yata Paulette tana gaishe ka, haka ma mijinta Wendell. Na so in kira ka a waya, sai na tuna kai da waya sai "me kika ce?" har haƙurin mutum ya ƙare. To ga wasiƙa, tunda ka yi shekara talatin da huɗu kana raba wa mutane tasu, yau ka karɓi taka.

Wata magana ce ta hana ni sakat. Ka san asusun ritayar da mijina marigayi Emil ya bar mini, wanda banki ya mayar da sunana. A watan Satumba na ciri dala dubu arba'in da takwas a ciki don in gyara rufin gidana na can. Banki ya yanke wa gwamnatin tarayya nata tun daga tushe, wannan ban ce komai ba, kowa ya san Washington ba ta yafiya. To ranar Asabar Wendell ya zauna da kwamfutarsa zai cika mini takardun haraji da manhajar da yake saye duk shekara. Yana danne-danne yana fito da baki, can sai ya juyo ya ce wai jihar North Carolina na bi na dala dubu ɗaya da ɗari shida. A kan kuɗin Emil!

Na ce masa, "Wendell, Emil ya taɓa taka jihar nan? Shekara arba'in yana shaƙar ƙura a masana'antar ƙarfe, North Carolina ta taɓa ba shi ko ruwan sha?" Ya ce ai ba shi ya faɗa ba, manhaja ce ta faɗa, ya nuna mini jan rubutu a saman allon. Na ce to manhajar ta yi ƙarya. Tun rasuwar Emil nake ɗan tsakurar kuɗin nan, Pennsylvania ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, kai da kanka kake cika mini takardun a laburare. Wendell mutumin kirki ne, amma in kwamfuta ta ce masa yau Talata ce alhali Lahadi ce, ba zai je coci ba.

Ni baƙuwa ce a nan, kowa ya sani. Jinya ta kawo ni a watan Afrilu, kuma da zarar ƙanƙara ta narke ina komawa gidana, Mayu ba zai ƙare ba sai ina Lansford. Ka rubuto ka gaya wa yaron nan inda zai danna. Kai ne shekara tara kana cika wa tsofaffin garinmu haraji kyauta, ba wanda ya fi ka sanin hancin abin.

Na gode da leƙa gidan da kake yi duk Talata. Ka riƙa sakin famfon kicin na minti biyar kada bututu ya daskare. In matan coci sun fara pirohin azumi, ƙullin fulawar nan mai cuku a ciki, ka ci rabona, amma kada ka yaba wa Bernadette, kullum cukunta ya yi yawa.

Ƙanwarka,
Loretta Demko

Lansford, Pennsylvania
11 ga Fabrairu

Ƙanwata Loretta,

Wasiƙarki ta iso lafiya, na kuma ji daɗin labarin kwankwaso. Gwiwoyina suna nan suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma suna kai ni inda nake so. Ƙanƙara ta zuba sau biyu a makon nan. Gidanki ƙalau, famfo na zuba, injin ɗumama gida na aiki. Ki gaida Paulette da angon kwamfuta.

Ki kwantar da hankalinki, wannan ƙaramin alhaki ne. Na ga irinsa ya fi sau ashirin. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi gaskiya ba, jaki ce, inda aka juya kanta nan take bi. Tun a shafin farko tana tambaya wace jiha mutum ya zauna a bara. Na rantse Wendell adireshin da kike karɓar wasiƙa ya rubuta, ita kuwa ta ɗauke ki 'yar North Carolina ta zuba miki lissafinsu.

Ga yadda abin yake, ki karanta masa a hankali. Kuɗin ritaya ba ya bin inda aka yi gumin samunsa, yana bin inda mai shi yake zaune ranar da ya cire. Emil bai taka jiharsu ba, gaskiya ne, amma wannan ba hujja ba ce. Hujjarki ita ce ke 'yar Pennsylvania ce. Mu nan, wanda ya kai shekarun ritaya ya ciri kuɗinsa, jiha ba ta taɓawa. Su can suna yankar kashi huɗu da ɗoriya cikin ɗari. Kuma ba jihar da ke da ikon taɓa kuɗin ritayar wanda ba mazauninta ba. Za su iya cewa kin kwana a ƙasarsu fiye da rabin shekara, to sai mu ce jinya ce, jinya kuwa ba ƙaura ba ce. Mutum ba ya zama ɗan asibiti don ya daɗe a kan gado.

Saboda haka Wendell ya koma shafin farko ya canza jihar. In ya zo ɓangaren Pennsylvania, manhajar za ta tambaye shi wane irin kuɗi ne wannan. A nan mutane ke faɗawa rami, suna danna "ci gaba" ba su karanta ba, sai ta sa musu kashi uku da 'yan kai a banza. Ya duba takardar da banki ya aiko miki a Janairu, gurbi na bakwai, zai ga lamba bakwai. Ya zaɓi cewa kin kai shekaru. Zai ga jan rubutun ya koma sifili, in bai koma ba ki canza mini suna.

Sai dai ni ba na sa hannu a abin da ban tabbatar ba, ko na uwata ne. Ki amsa mini tambaya huɗu. Lasin tuƙinki na wace jiha ne yanzu? Ina motarki take da rajista? Kin karɓi wani kati ko kin cika wata takarda ta hukumar can? A ina kika yi zaɓen Nuwamba? Na san amsoshin, amma ina so in gan su da rubutunki.

Sannan wani abu ya ɗaure mini kai. Wane rufi? Duk Talata ina tsaye a gabansa, ban ga mai gyara ba, ban ga tsani ba, ban ga ko ƙusa ɗaya a ƙasa ba. Rufin nan Emil ya sake shi shekara goma sha biyu da suka wuce, ni na riƙe masa tsani, lafiyarsa lau. In wani ɗan kwangila ne ya karɓi kuɗinki ya ɓace, ki ba ni sunansa. Na san gidan kowa a gundumar nan.

Pirohi an fara shiri. Bernadette ta tambaye ki, na ce mata kin ce a gaishe ta da kyau.

Yayanki,
Cyril Matsko

Lansford
3 ga Maris

Loretta,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta sa shiru. Ni lafiyata ƙalau, sai dai mako uku ke nan ina tare ɗan wasiƙar unguwarmu a bakin ƙofa har ya fara jin tausayina. Wasiƙa daga nan zuwa Garner kwana uku ce, huɗu in an yi ƙanƙara. Ba a yi wa tsohon ɗan gidan waya ƙaryar hanya.

Na zauna na yi tunani, kuma zan faɗi abin da ke raina, domin ruwa ba ya tsami banza. Kakarki Zuzana da kakana Ondrej ciki ɗaya suka fito, jirgi ɗaya ya kawo su ƙasar nan. Duk dangin da suka bari, daga ni sai ke muka rage masu tuna fuskokinsu. In ban tsaya miki ba, wa zai tsaya?

Dala dubu arba'in da takwas ta fita, rufi bai gani ba. Na yi tambaya, kin yi shiru. A laburare na ga wannan labarin sau uku da idona. Tsohuwa ta faɗi, 'ya'ya su ɗauke ta, suruki ya ce kawo in riƙa duba miki takardu, kafin shekara asusu ya zama fanko. Wa ke riƙe da kalmar sirrin asusunki? Wa ya kai ki banki ranar? Wendell ya sayi sabuwar mota, ko an biya wani bashi a gidan? Kuma me ya sa yake sauri ya rubuta ki 'yar North Carolina? Wanda aka rubuta shi ɗan can, gidansa na nan ya zama abin sayarwa, ki yi tunani.

Ba na tsoron kowa, kin sani. In suna karanta miki wasiƙu ko suna hana ki rubutu, ki aiko mini da katin gaisuwa ko ba rubutu a ciki, zan gane. Ɗan Bernadette lauya ne a Pottsville. Motata kuma tana iya tafiyar awa tara, ko gwiwa ta so ko ta ƙi.

Yayanki da ba ya barci a kan lamarinki,
Cyril

Garner
10 ga Maris

Cyril,

Gaisuwa, don iyayenmu sun koya mana gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Ina lafiya. Shirun da ka ji, yanar ido aka cire mini, na dama ranar sha uku ga Fabrairu, na hagu bayan mako biyu. An hana ni karatu da rubutu sai sabon tabarau ya zo. Jiya ya zo.

To ka san wa ke karanta mini wasiƙa a tsakanin nan? Paulette. A teburin cin abinci, da murya, Wendell na zaune yana yanka mini nama ƙanana-ƙanana don ba na gani sosai. Ta fara da fara'a, "Kawu Cyril ne, Mama." Ta kai wurin kalmar sirri ta rage murya. Ta kai wurin sabuwar mota ta ajiye takardar ta tashi. Wendell ya gama yanka naman, ya turo mini faranti, ya ce, "Mama, ki ci tun da zafi." Na so ƙasa ta tsage in shige. Motar yaron nan shekararta sha ɗaya, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Zato zunubi ne, Cyril, ko a azumi ba ka bari ba.

Amma ba kai kaɗai ke da laifi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ni na yi maka ƙarya. Babu maganar rufi. Kuɗin ɗaki aka gina da su a bayan gidan Paulette, a ƙasa, ba matakala, da banɗaki mai ƙarfen riƙewa. Wata biyar ina kwana a falonsu a kan gadon haya, duk wanda zai shiga kicin sai ya tsallake ni. Ni na ce a gina, ni na ce da kuɗina, Wendell har faɗa muka yi don ya so ya ci bashin banki. Na ɓoye maka don na san halinka, za ka ce Loretta ta gudu ta bar gari kamar sauran. Ban gudu ba. Ɗakin hunturu ne. Mutane nawa ke tafiya kudu in sanyi ya shigo su dawo da bazara?

Ga amsoshinka, malam mai bincike. Lasin tuƙi na Pennsylvania ne, ya mutu a Agusta, ban sabunta ba don ba na tuƙi. Mota tana garejina, kai ka fi ni sanin halin da take ciki. Kati na karɓi na shaida na nan jihar, don masu kantin magani sun ishe ni da tambaya. Zaɓe kuwa a nan na yi. Tun ina da shekara ashirin da ɗaya ban taɓa fashin zaɓe ba, har shekarar da na haifi Paulette da ɗinki a jikina na je. Na manta ban nemi takardar ƙuri'a ta gidan waya daga can ba sai da lokaci ya ƙure. Paulette za ta zaɓen wuri a Oktoba, wanda ake yi tun kafin ainihin ranar zaɓe, na bi ta, suka ce ana rajista nan take. Na nuna katina, na sa hannu, na jefa. Har 'yar takardar manna suka liƙa mini a riga. Ban ga abin kunya a nan ba, babana ya ce wanda bai yi zaɓe ba bai da bakin ƙorafi.

Yanzu ka rubuto inda za a danna a wuce wurin. Wendell ya ce ba zai sake taɓa takarduna ba sai da izininka a rubuce, ka ga abin da ka jawo.

Loretta

Lansford
17 ga Maris

Ƙanwata,

Ina gaisuwa da kai a sunkuye. Barka da arziki da aikin ido, Allah ya ƙara haske. Na sa wata takarda daban a cikin ambulan ɗin nan da sunan Wendell, ki miƙa masa ba tare da kin buɗe ba, tsakanina da shi ne. Magana zarar bunu ce, na sani, amma na roƙe shi gafara iyakar iyawata. Ki ce wa Paulette kawunta tsohon banza ne, ta yi haƙuri.

Maganar ɗaki ba zan ce komai ba. Kuɗinki ne.

Yanzu aiki. Gaskiya ɗaci gare ta, amma gara ki ji daga bakina. Maganar cewa ke 'yar Pennsylvania ce shekara cur ta mutu, kuma ƙuri'arki ce ta kashe ta. Takardar da kika sa wa hannu a rumfar zaɓe rantsuwa ce cewa North Carolina ce gidanki, kuma kin bar na baya. Ba ki karanta ba, na sani, ke ma "ci gaba" kika danna. Ba za ki rantse wa hukumar zaɓe cewa ke 'yar can ce, sannan ki rantse wa hukumar haraji cewa ke baƙuwa ce ba. Ɗaya daga cikin biyun ƙarya ce, kuma ƙaryar zaɓe ta fi dala dubu ɗaya da ɗari shida tsada nesa ba kusa ba. Da katin shaidar ne kaɗai da na san yadda zan kare ki.

Amma kada ki karaya, yayanki bai ƙare ba. Akwai hanya ta uku, kuma halal ce a takarda. Manhajar tana da gurbin wanda ya raba shekara tsakanin jihohi biyu. Wendell ya zaɓi wannan, sai ta tambaye shi ranar ƙaura. Daga nan duk kuɗin da ya shigo kafin ranar na Pennsylvania ne, na bayanta na North Carolina. Ki lura, ba ta raba kuɗin ritayar da kanta, za ta buɗe masa gurbi ta ce nawa ne na can, shi zai rubuta.

Ga lissafina. Kin ciri kuɗin ranar goma ga Satumba, yana jikin takardar banki. Dokar zaɓensu tana son mutum ya zauna kwana talatin kafin ranar zaɓe. To ki sa ɗaya ga Oktoba. Rantsuwarki ta zaɓe ta tsaya daram, kuɗin Emil sun faɗa ɓangarenmu, North Carolina ta tashi da ɗan abin da bai kai kuɗin man mota ba. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba jinya, daga Oktoba zama. Ba wanda zai iya shiga zuciyarki ya ce ba haka ba ne, domin doka niyyar mutum take kallo, niyya kuwa ke kaɗai kika san ranarta.

Kada Wendell ya biya kuɗin ƙara jiha ta biyu a manhajarsa, tsada gare ta. Ya yi na tarayya da na can, ni zan yi na Pennsylvania a laburare kyauta. Ki aiko mini da ranar kawai, don takardun biyu su faɗi magana ɗaya. Sha biyar ga Afrilu, ranar rufe karɓar takardun haraji, ba ta jiran kowa.

In ya so, ran da kika dawo, sai mu sake rubuta ki 'yar gida. Wannan shafi ɗaya ne.

Yayanki,
Cyril

Garner
30 ga Maris

Yaya Cyril,

Gaisuwa da fatan alheri. Ido ya washe, har na gano labulen ɗakina kore ne, da ina ce toka-toka ne. Wendell ya karanta takardarka a tsaye a kicin, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce in gaya maka ya wuce. Paulette tana buƙatar ɗan lokaci, jininmu ne, ka san mu.

Dabararka ta yi kyau, har Wendell ya gwada ta a gabana. Ya sa ɗaya ga Oktoba, jan rubutun ya zube ya koma dala goma sha tara. Ya ce, "Kawu ya san aikinsa." Na ce ya dakata kada ya aika. Kwana goma ina kallon gurbin nan a raina. Kai ka ce niyya ni kaɗai na san ranarta. To na sani, Yaya, kuma ba Oktoba ba ce.

Ranar sha tara ga Yuli magini ya zo da zanen ɗakin. Ya tambaye ni ina nake son taga. Na ce ta fuskar gabas, wajen fili, don zan dasa itacen tuffa a wurin in riƙa kallonsa daga gado. Ya yi dariya ya ce irin wanda nake so sai ya shekara biyar kafin ya yi 'ya'ya. Na ce masa, "Zan jira." Haka kawai ya fito daga bakina, ba wanda ya tilasta ni. Washegari Paulette ta kai ni muka sayo shi. Yana nan, ya kai ƙirjina, jiya na ga ya fara toho.

Mai jinya ba ya dasa itacen shekara biyar. Tun ranar na bar Lansford, sai dai ban gaya wa kowa ba, har ni kaina. Na yi ta cewa Mayu, Mayu, don in na daina faɗa sai in ga kamar na bar Emil shi kaɗai a maƙabartar kan tudu. Gidan can matakala goma sha huɗu ne zuwa banɗaki, ka ƙirga su in ka je. Ba zan sake hawansu ba. Ina son gidan nan har cikin raina, na yi kuka da na rubuta wannan, amma ba zan koma ba.

Na sa Wendell ya matsa, na zauna da kaina na rubuta sha tara ga Yuli da yatsa ɗaya. Manhajar ta tambaye ni nawa ne na North Carolina, na sa duka. Jan rubutun ya dawo, dala talatin kawai ta ragu. Zan biya. Na yi wa ɗan'uwana ƙarya sau ɗaya a shekarar nan ka ga inda ta kai mu, ba zan ƙara da ta rantsuwa ba. Kuma tunda titinsu nake takawa da sandata, motar asibitinsu ce za ta zo in na sake faɗuwa, ban ga an zalunce ni ba.

Ka sa wannan ranar a takardar can. Bayan bikin Ista ka nemo mini mai sayar da gidaje na kirki, ba surukin Bernadette ba. Ka ɗauki duk abin da kake so a garejin Emil kafin kowa ya shiga. Akwai kujera mai kyau a ɗakina da ke buɗewa ta zama gado, awa tara kuma kai ka ce motarka na iyawa.

Ƙanwarka har abada,
Loretta

Lansford
7 ga Afrilu

Ƙanwata Loretta,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, ƙanƙara ta narke, titi duk taɓo. Ki gaida mutanen gida.

Kin yi daidai, kuma kin fi ni. Da wata ce ta zo teburina a laburare da labarin itacen nan, da ni zan fara ce mata Yuli ce ranarki, baiwar Allah, ki biya. Shekara tara ban taɓa koya wa kowa ya matsar da rana ba sai ke, kuma na san abin da nake yi lokacin da nake yi.

Ba don dala dubu ɗaya da ɗari shida na yi ba, kina da su, na sani. Mutum goma sha ɗaya na cika wa takardar barin jihar nan da hannuna, 'yan cocinmu, 'yan ajinmu, wanda ya tafi Florida, wanda ya bi ɗa zuwa Texas. Kowane ɗaya ni ne nake rubuta ranar, kuma ba wanda ya dawo. Ban taɓa kawowa a raina zan rubuta taki ba. Daga sha tara ga Yuli zuwa ɗaya ga Oktoba kwana saba'in da huɗu ne, na ƙirga. Waɗannan kwanakin ne na so in ƙara miki a garinmu, ko a takarda ne. Zan yi kewarki, Loretta, ban san da wa zan riƙa faɗa ba.

Ranar Alhamis na bar takardarki ta zama ta ƙarshe, bayan kowa ya tashi daga layi. Pennsylvania ba ta bin ki komai, ke ma ba kya bin ta. Manhajar ta tambaye ni ranar da kika bar jihar, na rubuta sha tara ga Yuli. Ta ce in duba ko daidai ne kafin in aika. Na duba, daidai ne, na aika.

Yayanki,
Cyril